Rimot a Cikin Bokiti

"Minti biyar, Inna," na ce mata. Haka nake ce mata kullum, ita kuma ba ta taɓa tsare ni da lissafi ba, don tun da ciwon mantuwa ya kama ta, minti biyar da shekara biyar duk ɗaya ne a wurinta. Na sauke gilashin gefenta kamar faɗin yatsa biyu, na kashe mota, na fita, na danna rimot sau biyu.

Sau biyun nan shi ne sirrina. In ka danna sau ɗaya, motar ta kulle, amma na ciki zai iya jan hannun ƙofa ya fita. In ka ƙara dannawa, ko na ciki ya ja har hannunsa ya gaji, ƙofa ba za ta motsa ba. Na gano haka ne bayan ranar da na shiga biyan kuɗin wuta na fito na tarar da kujera wayam, sai can tsakiyar titi na hango Inna tana tsayar da motoci da hannu, wai ta makara zuwa shago. Shagon ɗinkin da take nufi an rushe shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Tun daga ranar nake danna sau biyu, kuma ban gaya wa kowa ba, har Yayana da muke karɓa-karɓar kula da ita.

Daga asibiti muke a ranar. Na nemi izinin rabin yini a makarantar da nake koyar da lissafi, na kai ta ganin likitan zuciya, ya sauya mata ƙwaya ɗaya. Kantin maganin yana cikin wani jerin shaguna da ke bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. Wurin ajiye motoci fili ne na siminti, babu bishiya ko ɗaya, rana kuma ta take tsaka.

A cikin kantin akwai layi. Ina riƙe da takardar likita, da waya, da rimot, duk a hannu ɗaya, don na bar jakata a ƙarƙashin kujera. Wata mata tana goge ƙasa, ta ajiye bokitinta daidai gefen ƙafata. Waya ta yi ƙara, shugabar makarantarmu ce, na yi ƙoƙarin ɗagawa da babban yatsa, sai na ji "ɓul". Na duba ƙasa, na ga kumfa tana rufewa.

Mai goge-gogen ta riga ni tsoma hannu. Ta lalubo rimot ɗin, ta yarfe, ta miƙo mini tana ba ni haƙuri kamar ita ta jefa shi. Ruwan yana warin maganin wanke banɗaki. Na goge rimot ɗin a jikin rigata, na ce mata ba komai. Sannan na yi abin da har yau in na tuna nake jin haushin kaina, wato na koma layi. Mutum uku ne kawai a gabana, na ce ba zan bar wurina ba saboda ɗan jiƙewa.

Da na fito, minti biyar ɗina sun zama ashirin. Inna tana zaune yadda na bar ta, tana naɗe bakin mayafinta tana warwarewa. Na danna rimot. Shiru. Na sake dannawa, na matso kusa, na ɗaga shi sama, na manna shi a jikin gilashi. 'Yar jar fitilar da ke kansa ta yi ƙyaf sau ɗaya, kamar mai jin barci ya buɗe ido, daga nan ba ta ƙara ba. Na ja hannun ƙofar direba, na zagaya na ja sauran ukun, har but ɗin baya na gwada. Nan gabana ya faɗi.

"Inna, ja wannan abin," na ce ta ɗan tsagin gilashi, ina nuna mata hannun ƙofa, alhali na fi kowa sanin ba zai yi ba.

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa, ta taɓe baki. "Mai Aro, yau kuma me ya ƙare miki?"

Mai Aro wata mata ce da shagonta yake manne da na Inna a zamanin da take ɗinki. Ba ta taɓa sayen allura ba, ba ta taɓa sayen man keke ba, kullum tana bakin ƙofar Inna da hannu a miƙe. Ta daɗe da rasuwa. A cikin duk mutanen duniya, ita ce ƙwaƙwalwar Inna ta zaɓa ta ɗora a fuskata wata shida da suka wuce. Ni kuwa malama ce, jan biro ya zama mini jiki, ban iya ganin kuskure in wuce ba. Sau goma za ta kira ni Mai Aro a yini, sau goma zan gyara mata.

"Ni ce Auta, Inna. 'Yarki. Ki ja hannun ƙofar."

"Auta tana gida," ta ce, ta kawar da kai.

Mai gadin wurin, wani dattijo mai sanda da hular da ta fi ƙarfin kansa, shi ya fara zuwa. Kafin in gama yi masa bayani mutane sun taru, ban san daga inda suka ɓullo ba. Kowa da shawararsa. Mai labule ya ce a shanya rimot ɗin a kan bonet, rana za ta busar da shi yanzun nan. Wata mata mai ɗauke da kaya ta rantse cewa nata ya faɗa masai, ta binne shi cikin ɗanyar shinkafa, ya tashi garau.

"Kwana nawa ya yi a cikin shinkafar?" na tambaye ta.

"Uku dai."

Na juya mata baya don kada in faɗi abin da ba shi da kyau. Wani kuma ya karɓi rimot ɗin daga hannuna ba tare da ya tambaya ba, ya hura masa iska da baki, ya buga shi a tafin hannu, ya danna kamar sau ashirin, ya miƙo mini yana cewa lallai ya mutu, kamar dai shi na kira ya duba gawa.

Akwai makulli na biyu, yana wurin Yaya, a can ɗaya ƙarshen garin. Na kira shi sau uku bai ɗaga ba. Gaskiya a kira na farko har addu'a nake kada ya ɗaga, don ban san da wane baki zan ce masa na kulle mahaifiyarmu a mota kamar buhun kaya ba. A na huɗu na bar masa saƙo, na faɗi komai ban rage ba. Ko da ya taso a lokacin, da cunkoson tsakar rana sai ya yi kusan awa ɗaya a hanya.

"Ita tsohuwar ta buɗe daga ciki mana," in ji mai labule.

"Ba zai buɗu ba."

"Kamar yaya? Kowace mota tana buɗuwa daga ciki."

"Na danna sau biyu."

Sai na ga matar shinkafa ta dubi mai goge-goge da ta fito kallo, mai goge-goge ta dubi ƙasa. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Na leƙa Inna. Gumi ya jiƙa mata goshi, yana bin wuyanta yana shiga riga. Na sa tafin hannuna a rufin motar, na janye da sauri. Mai gadi ya kawo kwalaye, muka shimfiɗa a kan gilashin gaba da rufi, mai labule kuma, Allah ya saka masa, ya ciro wani labule mai kauri daga shagonsa ya lulluɓe gefen da rana take duka. Mai kantin magani ta fito da robar ruwa da tsinken shan lemo, ta zura ta tsagin gilashi.

"Mama, ɗan sha ruwa."

Inna ta dubi tsinken, ta dubi matar. "Ban san ki ba," ta ce, ta matsa can tsakiya.

Na karɓa na gwada da kaina. Ta ce ita ba ta shan ruwan Mai Aro, don ko kofin ma na aro ne. Wasu suka yi dariya. Ni kuwa ji na yi kamar ni ce a cikin motar. Ga fili, ga titi, ga iska, amma duk inda na juya gilashi nake gani da fuskokin mutane.

Na san wannan jin, ba yau na fara shi ba. Ina 'yar shekara huɗu ko biyar, bayan rasuwar Baba, Yaya yana makaranta, Inna ba ta da wanda za ta bar wa ni. Shagon ƙanƙane ne, ga allurai ga dutsen guga, ƙofar gidanmu kuma a bakin babban titi take. Sai ta ajiye mini abinci da ruwa da fo, ta ja ƙofar ɗaki ta sa kwaɗo, ta ce yanzu za ta dawo. Nakan kwanta a ƙasa in sa ido a tsagin ƙarƙashin ƙofa, ina ƙirga ƙafafun da ke wucewa. Ba mu taɓa yin maganar da ita ba ko da na girma. Na dai riƙe abin a raina, kuma na sha yi wa kaina alkawarin ba zan taɓa kulle ɗan mutum a ɗaki ba. Ban kuwa kulle kowa a ɗaki ba, a mota na kulle.

"A fasa gilashi kawai," in ji wani direban tasi da ya tsaya kallo. Kafin in amsa ya ɗauko sifanar taya daga motarsa. Na ce ya fasa na baya, can nesa da ita. Ya ja da baya ya maka. Gilashin bai fashe ba, sifanar ce ta yi tsalle, amma ƙarar da ta tashi a cikin motar ta isa.

Ban taɓa jin Inna ta yi irin wannan ihun ba. Ta dafe kai da hannu biyu, ta zame daga kujera tana neman cusa kanta ƙarƙashin wurin ajiye takardu, goshinta ya bugi roba. Tana kiran sunan Baba, tana cewa sun shigo, sun shigo. Na ga hannunta ɗaya ya sauka ya dafe ƙirji, wurin da likita ya gama saurara ɗazu.

"Tsaya!" na ce. "Don Allah tsaya!"

Direban ya riga ya ɗaga hannu karo na biyu. Na riƙe sifanar da hannuna.

"Malama, zafin nan zai kashe ta."

"Tsoron ma zai kashe ta. Zuciya gare ta."

Muka tsaya cirko-cirko, shi yana riƙe da gefe ɗaya, ni ina riƙe da ɗaya. Dukanmu muna da gaskiya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da ƙyar na lallashe ta ta tsagin gilashi har ta koma kan kujera, tana haki, ga ɗan ƙulu ya fito mata a goshi.

Duk wannan abin da ake yi, mai gyaran waya yana tsaye a bakin shagonsa yana kallo. Wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, da tabarau rataye a wuya. Sai a lokacin ya matso ya miƙo hannu. "Kawo in gani, Malama."

Bai koma shago ba, a kan bonet ya shimfiɗa hankici. Ya sa ɗan siririn ƙarfe ya ɓalle rimot ɗin gida biyu, ruwa mai kumfa ya ɗigo. Ya cire batirin, ɗan mulmulalle kamar maɓallin riga, ya ɗaga ɗan koren allon da ke ciki ya duba a rana.

"Sau nawa aka danna shi bayan ya jiƙe?"

"Ban ƙirga ba."

"Da kin kawo mini shi daga bokitin kai tsaye, da na cire batir, na wanke shi da sifirit, na busar, da yanzu kina hanya. Ruwa kaɗai ba ya kashe su da wuri. Dannawar ce, wuta tana bi ta cikin ruwan." Ya nuna mini wani ɗan baƙin tabo a gefen allon. "Zan wanke shi, wataƙila ya tashi gobe, wataƙila ba zai tashi ba. Amma ba shi muke buƙata yanzu ba. Ai akwai makullin ƙarfe a cikinsa."

"Wane makulli?"

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya ce ba a koya musu ba. "Shekara nawa kina tuƙa motar nan?"

"Huɗu."

"To, kowane irin wannan yana da ɗan makulli ɓoye a gindinsa, saboda rana irin ta yau. Akwai ramin makulli a ƙarƙashin murfin hannun ƙofar direba." Ya juya bayan rimot ɗin, ya tura wani ɗan maɓalli da farce, ya ja. Babu abin da ya fito. Ya leƙa, ya juyo mini da shi. Wani dogon rami ne siriri, babu komai a ciki.

"Wa ya cire?"

Na buɗe baki in ce ban sani ba, sai na tuna. Da safe a asibiti mun yi awa biyu a kan benci, Inna tana ta miƙewa za ta tafi shago. Hannunta ba ya zama haka nan, sai da abin taɓawa, shi ya sa na ba ta rimot ɗin ta riƙe. Mace ce da ta yi shekara talatin tana kwance keken ɗinki tana ɗaurawa da kanta, babu ɗan maɓallin da zai ɓuya wa yatsunta. Kuma duk wani ƙaramin ƙarfe da ta samu a gida, ƙusa ce, fil ne, cokalin shayi ne, wuri ɗaya take kai shi.

Na manna fuskata a gilashi. A bakin mayafinta akwai ƙulli, kuma daga cikin ƙullin wani abu siriri mai tsawon ɗan yatsa ya turo yadin.

"Yana wurinta," na ce.

Direban tasi ya yi wata 'yar dariya ta takaici. Mai gyaran waya ya auna tsagin gilashin da yatsa, ya ce zai wuce, in dai za ta miƙo.

"Inna, kwance bakin mayafinki ki ba ni abin da ke ciki."

Ta damƙe ƙullin a tafin hannu.

"Inna, makullin mota ne. Ni ce Auta. Ki ba ni in buɗe miki."

"Sukudireban kekena ne," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa, kalmomin suna jan ƙafa. "Kuma na gaya miki Auta tana gida."

Mai kantin magani ta taɓa kafaɗata, ta yi magana a hankali don kada sauran su ji. Ta ce in duba goshinta, gumin ya fara ɗaukewa, kuma wannan ba alama ce mai kyau ba. Direban ya ji duk da haka. Ya duba agogonsa. "Minti uku na ba ki, Malama. In ba ta bayar ba zan fasa, ko kin yarda ko ba ki yarda ba. Wannan karon a kusurwa zan buga."

Ban yi masa musu ba. Na tsaya ina kallon Inna, ta jingina kai da kujera, idanunta rabi a rufe, hannunta dai yana kan ƙullin. Wata shida ina gaya mata gaskiya, sau goma a yini, ban taɓa cin nasara ko sau ɗaya ba, kuma ban taɓa tambayar kaina don wa nake yi ba. Tsoro nake ji in na amsa sunan Mai Aro, shi ke nan babu sauran wanda zai tuna mata tana da 'ya.

Na gyara ɗaurin ɗankwalina, na turo shi gaba yadda matar take yi. Na tuna muryarta, ta hanci take magana, tana jan ƙarshen kalma. Na ƙwanƙwasa gilashin da farce sau uku.

"Maƙwabciya! Ana ta aiki?"

Idanun Inna suka buɗe. "Uhm. An zo ke nan."

"Wallahi kekena ne ya ƙi ja tun safe, ga mai kaya ta zaunar da ni. Ɗan ara mini sukudirebanki, yanzun nan zan dawo da shi."

"Yanzun nan," in ji Inna. Har wani ƙarfi ya dawo mata a murya. "Almakashina ma yanzun nan kika ce. Yau kwana nawa?"

"Ai yana nan, na ajiye miki shi da kyau."

"Ya ajiyu a wurinki. Kin san dokata, ba na ba da kayan aiki hannu sake. Ajiye wani abu."

Na manta da wannan dokar sarai, sai da ta faɗa. Duk wanda zai ari abu a shagon Inna sai ya bar nasa a kan teburinta, ko da takalmi ƙafa ɗaya ne. Na lalube jikina. Jaka tana cikin mota, waya kuma ina jiran kiran Yaya da ita. Na kai hannu kunne, na ciro ɗan kunnena guda da gaggawa har sai da na ji zafi. Na zura shi ta saman gilashi, ya faɗa kan cinyarta.

Ta ɗauka ta juya shi, ta kai kusa da ido. Ita ta ba ni 'yan kunnen nan ranar da na fara aikin koyarwa.

"Wannan ai nawa ne," ta ce. "Shi ma aronsa kika yi?"

"Shi ma, maƙwabciya."

"Allah ya shirye ki."

Ta fara kwance ƙullin. Yatsunta sun yi nauyi, ƙullin kuma irin na tela ne, ba ya kwantuwa da garaje. Babu wanda ya yi motsi a bayana. Na ji direban ya sauke sifanarsa a hankali har ta taɓa siminti. Fil biyu suka fara faɗowa, sai murfin biro, sannan ɗan makullin, siriri mai sheƙi. Ta ɗaga hannu, bai kai ba, ta sake ɗagawa. Na zura yatsuna biyu ta tsagin har gilashin ya goge mini fata. Na ji sanyin ƙarfen a yatsana, amma ba ta saki ba.

"Ki dawo mini da shi da wuri," ta ce. "Rufe shago zan yi. Na kulle Auta a ɗaki, ga rana ta yi zafi yau. Yarinyar nan ba ta kuka in na kulle ta, shiru take yi. Shirun nan ne yake hana ni ɗinki."

Sannan ta saki.

Ban san yadda makullin ya je hannun mai gyaran waya ba. Na dai ga ya ɓalle ɗan murfin da ke jikin hannun ƙofa, ya zura, ya murɗa. Motar ta ɓarke da jiniya, fitilu suna ƙyaftawa, ƙofar direba ta buɗe, wani zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tanda. Na haye kujerar direba da gwiwa, na rungumo kan Inna na toshe mata kunnuwa da hannuna, har direban tasi ya buɗe bonet ya cire kan batir, ƙarar ta mutu. Ni da mai kantin magani muka zaro ta ta ƙofar direba, ba ta da nauyi ko kaɗan.

A cikin kantin aka kwantar da ita a kan benci ƙarƙashin fanka. Aka jiƙa tawul aka sa mata a wuya da hammata, mai kantin ta auna jininta, ta haɗa ruwan gishiri da sukari. Ta ce da sauƙi, amma mu koma asibiti a duba ta yau ɗin nan, kada mu bari sai gobe. Direban tasi ya ce shi zai kai mu. Mai gyaran waya ya leƙo, rimot ɗin yana cikin hankicinsa gunduwa-gunduwa, ya ce in dawo jibi, in ya tashi to, in bai tashi ba sai an yi sabo. Ya miƙo mini ɗan makullin ƙarfen daban. Wayata tana ta ƙara a aljihu, Yaya ne, na ce masa ya same mu a asibiti, sauran magana in ya zo.

Na durƙusa a gaban bencin da kofi a hannu. Wannan karon ta karɓa, ta sha rabi, ta tsaya tana kallona. Ɗan kunnena yana damƙe a ɗaya hannunta.

"Mai Aro."

Bakina ya buɗe da kansa zai yi gyara, na rufe shi. "Na'am, maƙwabciya."

"In za ki wuce ta gidanmu, ki leƙa mini ita ta ƙarƙashin ƙofa."

"Na leƙa ɗazu. Lafiyarta ƙalau. Ta ce in gaya miki ba ta yi fushi ba."

Inna ta girgiza kai. "Ƙarya kike, ta yi fushi. Ni na haife ta." Ta murza ɗan kunnen da yatsa. "To ya zan yi? Titi ne a ƙofar gidan, ni kaɗai ce kuma."

"Ta sani," na ce. Muryar Mai Aro ta gudu ta bar ni, da tawa na ƙarasa. "Wallahi yanzu ta sani, Inna."

Ta miƙo hannu ta share mini fuska da bakin mayafinta, wurin da ƙullin ya bar tamoji, tana faɗan me zai sa babbar mace kuka a gaban mutane saboda keke ya ƙi ja. Sannan ta buɗe tafin hannunta ta ce in ba ta sukudirebanta. Na ɗora mata makullin, ta mayar mini da ɗan kunnena, ta ƙulle makullin a bakin mayafinta inda yake ɗazu.